Shamlali ɗan Debian

Ni ban yi makarantar kwamfuta ba. Da gyaran rediyo na fara, a wani lungu kusa da ƙofar Bab Jabli a nan birnin Safakis, daga nan talabijin, sai kwamfuta ta zo ta iske ni a wurin, na koye ta da littattafan gwanjo da taurin kai. Shekaruna hamsin da uku, kuma ba na son ƙarya, ko ta mutum ko ta inji.

Shekara takwas ke nan nake kula da kwamfutocin gidan matsar zaitun na ƙungiyar manoma da ke hanyar Jibinyana. Tsofaffin kwamfutoci ne, sabuwar babbar manhaja ta fi ƙarfinsu. Don haka na ɗauko Debian, wadda masu ita suka bar wa kowa ya ɗauka ya gyara, na rage mata kaya, na sa mata Larabci da Faransanci, na raɗa mata suna Shamlali, sunan zaitun ɗinmu mai ƙananan 'ya'ya da yawan mai. A bana muna kan zubi na huɗu, wato fitowarta ta huɗu.

Babbar manhaja mai gida ce, sauran manhajoji 'yan haya. Kafin ɗan haya ya sauke kayansa sai ya tambayi gidan wa ya shigo. Amsar tana cikin wani ɗan fayil da ake kira os-release, bai kai rabin shafi ba. Layi ɗaya na suna, ɗaya na zubi, akwai kuma wurin da ake rubuta daga wa aka fito. Abin da aka rubuta a nan shi manhaja take yarda da shi. Ba ta da hancin da za ta shinshina ta gane an yi mata ƙarya.

Ranar Asabar ta biyu a watan Disamba, ina shagona da hantsi ina cin lablabi, romon wake da burodi, Radiya ta kira ni. Ita ce mai ɗakin gwaji a gidan matsar, ita ke auna tsamin mai ta ba da takardar daraja.

"Si Munji, bar abin da kake yi ka zo. Injin ya ce man Amm Shadli na fitila ne."

Na ajiye cokali. Amm Shadli manomi ne, ya haura saba'in. Har yau da ƙahon rago a yatsu ake tsinke masa zaitun, ba ya yarda sanda ta taɓa itacensa, kuma abin da aka tsinka da safe ba ya kwana a buhu. Tun da aka kafa ƙungiyar mansa bai taɓa sauka daga daraja ta farko ba. Man fitila kuwa shi ne na ƙarshe, wanda ba a ci sai an kai shi masana'anta an wanke. Tankar ɗan kasuwa za ta zo da la'asar. Man da ke da takardar farko ya shiga tanka, wanda ba shi da ita a juye shi a babbar randar ƙasa tare da na masu barin zaitun ya ruɓe. Mai kuma idan ya gauraya ya gaurayu ke nan.

Na tarar da tsohon zaune a kan buhu a bakin ɗakin gwaji, jar hularsa a gwiwa. Manoma na layi da motocinsu, kowa na satar kallonsa. Wani ma na ji yana cewa, "To, ashe waliyyi ma yana barin zaitun ya kwana."

Amm Shadli ya ɗago kai. Ni ya kalla. "Ɗana, akwatinka ya zage ni a gaban mutane."

A ciki na samu Radiya da Lutfi. Lutfi ƙanen matata ne, shi ne manajan gidan, yana da takardar injiniya a bango cikin gilashi, kuma ba ya barin a manta da ita.

"Na gaya mata injin ne ya lalace," in ji shi. "A aika shi Tunis, mako guda ya dawo. Yau a bi abin da takarda ta ce."

"Takarda ta ce biyu da ɗigo shida," in ji Radiya. Ta zuba man a shuɗin kofi, ta ɗumama shi a tafin hannu, ta miƙo mini. "Kurɓa."

Na kurɓa. Ɗanyen ganye ne, da ɗaci, ya kama ni a maƙogwaro har na yi tari sau biyu.

"Ka ji ko? Man da ya kai wannan tsamin warin buhu yake yi. Shekara goma sha tara ina wannan aiki. Na kuma sa wa injin kwalbar gwaji wadda aka san sifili da ɗigo biyar ce, ya ce mini kusan uku."

"To ki auna da hannu mana, kamar da," na ce.

"Da me? Ruwan awon ya ƙare tun bara. Manaja ya ce tunda akwai inji ba sai an saya ba."

Lutfi ya duba agogonsa. "Bakin Radiya ba ya buga hatimi. Ɗan kasuwa takardar inji yake karɓa."

Na zauna gaban kwamfutar. Injin awon lafiyarsa ƙalau, fitilarsa kore. Amma manhajar da ke karanta shi ba wadda na sani ba ce, launinta ma ya sauya.

"Wa ya sa wannan?"

"Kamfanin ne ya aiko sabuwa jiya, tsohuwar ta daina buɗewa," in ji Lutfi. "Na kira ka ba ka ɗauka ba, kana wurin mai cire haƙori. Ni na sa ta. Minti biyar."

"Ta shiga haka kawai?"

"Ta shiga."

Ya faɗa yana kallon taga. Na san Lutfi tun yana da gajeren wando. Na buɗe ɗan fayil ɗin nan. A layin suna, inda na rubuta Shamlali da hannuna, an goge an sa Debian. A layin zubi, inda huɗu take, an sa sha biyu.

"Lutfi, zo ka karanta mini wannan."

"Yaya Munji, ba wani abu ba ne. Ta ce ba ta san wani Shamlali ba, ta ƙi shiga. Na duba, kowa haka yake yi, a sauya suna ta wuce. Ai kai ma ka san Debian ce ka sa wa jallabiya."

"Sha biyun fa?"

"Ita ce sabuwa. Na ce gara babba."

"Gara babba! Shamlali huɗu a kan Debian sha ɗaya na gina ta. Manhajar nan tana zuwa da kayan aiki kashi-kashi, kowane zubi da nasa. Ka ce mata sha biyu, ta ɗauko na sha biyu ta ɗora a kan sha ɗaya. Da ma ta faɗi ta ƙi tashi, da mun gode Allah. Sai ta tashi tana karanta injin a karkace, tana buga lamba da hatimi. Ka yi wa inji ƙarya, shi kuma ya juya ya yi wa dattijo ƙazafi."

"Kar ka yi mini huɗuba, ba Juma'a ba ce."

"Jiya ce Juma'a, kuma a jiyan ka yi ta."

Radiya ta ƙyalƙyale da dariya, ta rufe baki da gefen mayafi.

Na goge ƙaryarsa, na mayar da Shamlali, na mayar da huɗu, na cire manhajar na sake sa ta. Ta tsaya cak. Ta rubuto cewa ba ta san wannan babbar manhaja ba.

"Bismilla," in ji Lutfi, ya harɗe hannu. "Ga gaskiyarka nan, ta tsaya a bakin ƙofa ba takalmi. Ƙarfe ɗaya saura. In ka ga dama sa mata Debian sha ɗaya, ƙaramar ƙarya, mu wuce wurin."

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin hakan. Da wataƙila ta yi aiki a ranar. Amma sauran manhajojin da ke kan kwamfutar sun san gidan da sunan Shamlali, daga rumbun da na tanadar musu suke ɗaukar gyara, kuma ranar da na fitar da zubi na biyar babu mai tuna an bar ƙarya a kwance a fayil. Wani Amm Shadlin za ta cija.

Aka kira azahar. Na yi salla a bayan randuna, na dawo na buɗe rubutun da ke shigar da manhajar, na bi shi layi-layi da yatsa kamar yadda nake bin wayar rediyo. Wanda ya rubuta shi, ko waye, mutumin kirki ne. Ga abin da ya tsara: a tambayi suna. In ba a san sunan ba, a duba layin asali, a ga daga wa ta fito. In an san uban, a tambayi zubin uban, a ɗauko kayan da suka dace da shi.

Na koma fayil ɗina. Babu layin asali. Ba Lutfi ne ya goge shi ba. Ni ne, shekara takwas da suka wuce, ranar da ya fara ce mini Debian ce da jallabiya. Na ji haushi na cire sunan Debian daga fayil ɗin, don kowa ya ɗauka daga ƙasa na tono abina.

Na daɗe ina kallon wurin. Radiya ta ce, "Si Munji, lafiya?"

"Ba lafiya ba. Kira mini Amm Shadli."

Tsohon ya shigo yana jan ƙafa, manoma uku suka biyo shi har bakin ƙofa.

"Amm Shadli, in baƙo ya zo garinku ya ce sunansa wane, ba ku san shi ba, me kuke tambayarsa?"

"Ɗan wa ne."

"In ya ƙi faɗa fa?"

"Ya sha ruwa ya yi gaba."

"In kuma ya ce shi ne uban nasa?"

"Wannan ɓarawo ne ko mahaukaci."

"To ka ga mu biyu. Ni na ɓoye uban, surukina ya ce shi ne uban. Tsakaninmu muka ɓata maka suna."

Lutfi ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Na ƙara layi biyu a fayil ɗin, ina faɗa da ƙarfi kowa na ji. Suna, Shamlali. Zubi, huɗu. Asali, Debian. Zubin asali, sha ɗaya. Na sake sa manhajar.

Ba ta yi gardama ba. Ta rubuto cewa ta gane dangin Debian ce, zubi na sha ɗaya, ta ɗauko kayanta ta zauna.

"Kar kowa ya yi murna tukuna," in ji Radiya. Ta ture ni daga kujerar, ta ɗauko kwalbar gwaji ta ɗiga a injin. Muka jira. Sifili da ɗigo biyar, daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Ta wanke, ta sake, ya sake ba da hakan. Sannan ta ɗebo man Amm Shadli.

Dutsen niƙa na ta ƙugi daga can ciki. Lambar ta fito: sifili da ɗigo biyu.

Radiya ta rangaɗa guɗa har ma'aikatan matsa suka fito da gudu suna zaton an yi haihuwa. Ta buga takardar, ta danna hatimi da ƙarfin da tebur ya girgiza, ta fita da ita tsakar gida tana ɗagawa.

"Ina mai maganar waliyyi? Zo ka karanta! In ba ka iya ba a karanta maka!"

Mutumin ya shige motarsa ya ɗaga gilashi. Aka yi ta yi masa ihu.

Amm Shadli ya sa hularsa. Ya karɓi takardar ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun ƙirji, bai ko duba ba. Ya aika aka kawo burodin tabuna, gashin tanderu, mai zafi daga motarsa, ya zuba mansa a faranti, ya ce kowa ya sa hannu. Ya gutsura ya dangwala ya miƙa wa Lutfi da kansa.

"Ci, injiniya. Na fitila ne, zai haska maka ciki."

Lutfi ya karɓa, kunnuwansa sun yi ja. Ya ci, ya yi tari, aka sake fashewa da dariya. Daga baya shi da kansa ya kwaso samfurin mutum uku da aka auna bayan Amm Shadli da safen, aka sake musu, biyu suka hau daraja. Ya kuma rubuta a kawo ruwan awon hannu ranar Litinin.

Tankar ta iso ana kiran la'asar. Man tsohon aka fara ɗurawa, yana tsaye kusa da bututun har ɗigon ƙarshe. Da zai tafi ya leƙo ɗakin gwaji ya nuna kwamfutar da sandarsa.

"Me ka ce sunan yaron?"

"Shamlali ɗan Debian."

"Uban nasa mutumin ina ne?"

"Na ko'ina. Mutane ne da yawa, ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

"To ka gaishe su. Ka ce ɗansu ya yi gaskiya yau."

Kwamfutoci goma sha huɗu ke ɗauke da Shamlali tsakanin Jibinyana da Agarib. Washegari Lahadi na hau babur ɗina na bi su ɗaya bayan ɗaya, na mayar wa kowacce da sunan ubanta.