Takun Kan Rufi

"Ni za ki gaya wa ban hau tsani ba? Da gemun nan nawa?"

Kawu Farfesa ya buga sandarsa a ƙasa. Dakta ta sunkuyar da kai, amma ba ta janye maganarta ba. Kamar mutuwa take jin tsoronsa, don yayan mahaifiyarta ne, kuma shi ne shugaban sashensu a jami'a. Yau kuwa ya ɗauko ƙafa takanas har ɗakin Inna don ya kai ƙararta.

"Kawu, ban ce ba ka isa ba. Cewa na yi aikin nan ba ka sa hannu a ciki ba."

"Hannu! Wa ya kai ki sashen? Tun kina fitsarin kwance nake rubuta takardu."

Inna tana kan gado tana jan carbi, kamar ba ta ji. Ji take sarai.

* * *

Abin da ya haɗa su ba wani boyayye ba ne. Dakta masaniyar yadda zafi ke ratsa abu ce, karatun da har yau Inna ke ce wa "boko na gumi". Ita da wasu malamai biyu na ƙetare suka gano cewa in aka kwaɓa ƙaiƙayi da yumɓu aka yi faifai, aka jera ƙarƙashin kwanon rufi tare da barin hanyar iska, ɗaki zai daina zama tanda. A ɗakin Inna aka fara gwadawa. Yanzu har wani asibitin haihuwa ya aiko a yi masa.

Wadda ta sha wuyar kuwa ɗalibar Dakta ce, wata 'yar firit da Inna ta laƙaba wa 'Yar Tsani. Ita ke hawa rufi da tsakar rana tana ɗaura ma'aunin zafi, har tafin hannunta ya saɓule. In sunanta ya fito a gaba a takardar binciken da za a buga a mujalla, malaman ƙetaren za su ɗauke ta ta ƙaro karatu.

To amma sashen nan yana da al'adarsa. Kowace takarda, sunan shugaba a sama, ko da bai san launin bangonta ba. Ɗalibi sai dai a gode masa can ƙasa, da rubutu kamar ƙafar tururuwa. Haka aka yi wa Dakta ita ma, ta haɗiye. Wannan karon ta ƙi: ta ce sunan 'Yar Tsani ne a sama, babu na Kawu.

* * *

"Ke kuma kin yi shiru," in ji Kawu, ya juya ga ƙanwarsa. "Gaya mata. Ƙarin girmanta fa ta teburina zai bi."

Dakta ta dubi mahaifiyarta. Tun da take, ba ta taɓa jin Inna ta musa wa yayanta ba, ko da ya ce rana dare ce.

Inna ta ajiye carbi, ta ɗaga ido sama.

"Yaya, ni ban san mujalla ba. Amma a nan nake kwance tun da aka fara. Takun 'yar nan tawa na san shi, dim dim kamar na ubanta. Na 'Yar Tsani kuwa kamar kyanwa. Har Baturen nan mai jan wuya ya hau sau ɗaya, na ce yau rufi zai rufta mini." Ta gyara ɗankwali. "Naka ne ban taɓa ji ba."

"Au, haka za ki ce?"

"Ai ba laifi ba ne. Hawa ba naka ba ne yanzu. Zauna ka sha sanyin, kyauta ne."

Sai a lokacin Kawu ya lura babbar rigarsa ta bushe, shi da ya shigo sharkaf da gumi. Ya dubi rufin. Har ya buɗe baki kamar zai yi tambaya irin ta malamai, sai ya tuna faɗa ya zo yi.

"Kawu," Dakta ta ce a hankali, "asibitin nan yana neman babban da zai duba aikin. In ka duba da gaske, takarda ta gaba da sunanka."

"Sai na gani!"

Ya suri sandarsa, ya fita, ya buga ƙofa har ma'aunin zafin da ke rataye a bango ya yi lilo. Ya yi ta lilo, ya tsaya. Jan layin cikinsa bai ƙaru ko kaɗan ba.