Masara a Ofishin Tikiti

Tun da aka rufe ƙaramar tashar jirgin ƙasa da ke gaba da Romi, Baba Shekari ya kasa zama wuri ɗaya. Shekara ashirin da biyu ya yi yana juya wa jirage layi a can. Da jirage suka daina tsayawa aka sallame shi, ya koma gidan 'yarsa Celina a Trikania. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo, haka yake wuni.

Wata Lahadi a ƙarshen daminar 1986, ana fitowa daga sujada wani ya gaya masa an ɓalle ƙofar tashar. Ko abinci bai tsaya ci ba.

"Baba, ina kuma za ka?" in ji Celina.

"In ga ɓarnar da suka yi."

"Tashar taka ce?"

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Dole ta ɗaura kallabi ta bi shi. Bas ta sauke su a Romi, suka ƙarasa a ƙafa ta bakin layin dogo, yana gaba tana haki a baya.

Ciyawa ta rufe inda fasinjoji ke jira. A ofishin tikiti suka tarar da wani manomi, Ishaku, yana jera buhunan masara.

"Wa ya ba ka izini?" Baba ya daka masa tsawa.

"Yi haƙuri, Baba. Ruwan shekaranjiya ya rushe mini rumbu. Na nemi wanda zan tambaya, ban ga kowa ba."

Baba ya shiga zagaye ɗakin. Ya nuna wa Celina inda teburin shugaban tasha yake, da ƙusar da ake rataye fitila, da bencin da wata mata ta haihu a kai tana jiran jirgin Kafanchan. Ishaku ya sauke buhu yana saurare.

Can Baba ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufi.

"Kai, kwashe su daga nan. Wannan kusurwar tun muna aiki take yoyo. Mai da su jikin bangon gabas."

Shi ya riƙa nunawa da sanda har aka gama. A hanyar komawa ya ce wa Celina ta aro masa guduma, Laraba zai dawo.

"Da wannan gwiwar taka za ka hau rufi?"

"Ishaku zai hau. Ni zan riƙe tsani."