Tauraro Mai Ƙara

Hajiya Ajaratu ta taka matakalar ƙarshe tana haki, hannu ɗaya a bango, ɗayan yana jan kujerar roba. Saman benen maƙwabcinsu ne da ba a gama ginawa ba, ƙarafa a tsaitsaye ko'ina. 'Yarta Rabiatou ta riga ta kafa waya a kan sandar hoto mai ƙafa uku, ta juya ta wajen yamma.

"Mma! Me ya hawo da ke? Ba ke kika ce wannan aikin marasa aikin yi ne ba?"

"Har yanzu haka na ce. Matsa min in zauna."

Rabiatou a kantin magani take aiki a Adidogomé, kuma ta daɗe da wannan ɗabi'a: da an idar da Magariba sai ta hau nan ta yi ta ɗaukar hoton sama. Uwar ba ta taɓa bin ta ba. Abin da ya hawo da ita yau saƙon murya ne daga ƙanwarta Kadidja da ke aure a Nima, can Ankara. Kadidja ta ce jiya ta ga taurari sun jeru kamar sahun salla, da idonta, kuma yau wani ɗaki mai mutane a ciki, da ke zagaya duniya can a sararin samaniya, zai ratsa ta saman Ankara da Lome a lokaci guda. Ta rufe da cewa, "Ko da yake ke Yaya ba ki cika son sabon abu ba."

Tun safe wannan maganar take cin Hajiya a rumfarta ta atamfa a Asigame. Ita ce fa ta fara hawa jirgi a gidansu. Ita ta fara riƙe wayar hannu.

"Kira min Kadidja," in ji Hajiya. "Da wayata. Ki sa kowa ya ji."

Muryar Kadidja ta fito tangaram. "Yaya, kin hau kuwa? Ko daga tsakar gida kike?"

"Ina sama, na fi ki tsawo. Rabi, nuna min su in ƙirga mata."

Rabiatou ta tsaya a bayanta ta miƙa hannu. "Ga Zara can ƙasa, mai hasken nan. Ki ɗaga kai sosai, wancan fari shi ne Mushtari. Gaba da shi akwai wani ja-ja, Mirriku. Tu vois, kin gani? Layi ɗaya suka bi."

Hajiya ta ɗaga kai. Zara dai ta gan ta, amma ba Zarar da ta sani tana yarinya ba. Wannan ta baje kamar ɗigon mai a farin zane. Sauran sama kuwa toka-toka ce kawai, kamar an rufe ta da labule. Haka fuskokin mutane suka koma mata tun bara. Ba ta gaya wa kowa ba. A rumfa da tafin hannu take gane atamfa, masu saye kuma da murya.

"Na gan su," ta ce da ƙarfi. "Dukansu. Har da wani ƙarami a gefe da Rabi ba ta lura da shi ba."

Rabiatou ta dubi gefen, ta dubi uwarta. Ta koma kan wayarta ta ɗauki hotuna, tana riƙe numfashi don kar sandar ta motsa. Ƙasa da su 'yan zemijan, masu haya da babur, suna ta oda, ƙamshin suya yana tasowa daga bakin titi.

"Ku shirya," in ji Rabiatou. "Yanzu zai fito daga wajen teku. Ba ya daɗewa."

"Ga shi! Ga shi!" Kadidja ta ƙwala daga Ankara. "Yaya, kin gani? Yana tafiya!"

Hajiya ta ɗaga kai sama. Ta juya nan, ta juya can, babu komai sai toka. Can sai Allah ya taimake ta: wani haske babba ya ɓullo ƙasa-ƙasa, yana tafiya. Ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Na gan shi! Kai, Kadidja, namu na Lome ya fi naku girma! Ga shi yana ƙyafta ido, ja da fari. Har ƙararsa nake ji!"



"Ƙara?" in ji Kadidja. "Yaya, wace ƙara?"

"Mma," Rabiatou ta ce a hankali, "wannan jirgi ne zai sauka a filin jirgi. Namu yana can saman kanki."

Dariyar Kadidja ta cika saman benen, har da tari. Hajiya ta lalubi wayar ta kashe. Ta ɗaga kujera ta zauna, ta gyara mayafi, ta kafa wa Zara ido kamar ita ta yi mata laifi.

Rabiatou ta bari abin ya gama wucewa, sannan ta ciro wayarta daga sanda ta durƙusa kusa da uwar. Ta buɗe hoton ta ƙara masa girma. Hajiya ta kawo shi dab da hancinta. Wani siririn zare ne fari, miƙaƙƙe, ya ratsa baƙin sama.

"Wannan ne? Da mutane a ciki?"

"Da mutane, Mma." Ta dubi idon uwar. "Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Shekaranjiya gishiri kika zuba min a koko. Na shanye ban ce komai ba."

Hajiya ta so ta yi faɗa, sai dariya ta kuɓuce mata, nan take kuma ta yanke. "Kakarki haka ya fara mata," ta ce. "Aka kawo wani mai cire yanar ido da allura. Daga ranar ba ta sake ganin ko fitila ba. Ni na riƙa yi mata jagora har ta rasu. Ba wanda zai taɓa min ido."

"Wancan ba likita ba ne, Mma. Yanzu da safe ake yi, da yamma ki kwana a gadonki."

"Na ce a'a."

Wayar Hajiya ta yi ƙara. Ta bar ta ta yi ta yi, sai da Rabiatou ta gaji ta amsa, ta miƙa mata.

Kadidja ta daina dariya. "Yaya, yanar ido ce ko?"

"Wa ya ce miki?"

"Ai na san ta. Ni ma jirgi na taɓa yi wa sallama a matsayin wata. Kin tuna bara da na ce miki zazzaɓi ya kwantar da ni, ban zo sunan jikar ɗan'uwanmu Muniru ba? Aiki aka yi min a idon hagu. Na ɓoye miki don kar ki ce na riga ki tsufa. Wallahi ko zafi ban ji ba. Yanzu zare nake sa wa allura da kaina."

Hajiya ta miƙe zaune sosai. "Ke? Ke da kike suma in kin ga allurar rigakafi? Aka yi miki aikin ido ban sani ba?"

"Ni kuwa."

"Ido ɗaya?"

"Ɗaya. Na daman likita ya ce bai nuna ba tukuna."

Daga masallacin layinsu aka fara gwada lasifika don kiran Isha'i. Hajiya ta rufe bakin wayar da tafin hannu, ta karkato wajen 'yarta.

"Abin nan zai sake wucewa?"

"Yana dawowa, Mma. Kullum cikin zagaye yake."

"To gobe ki nemi izini a wurin aiki, ki kai ni wajen likitan naku." Ta ƙara rage murya. "Kuma ki gaya masa tun daga ƙofa, ni duka biyun zai yi min."