Darasin Tarwaɗa

"Sun bugo shi?" Malam Shitu ya sake tambaya daga kan tabarma, karo na uku ke nan tun hantsi.

Namadi masunci, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, yana tsugune da sabon littafin 'yan aji uku da hedimasta ya aiko da safe. Boko kam ko bihim bai sani ba, amma ai ba makaho ba ne. Ga hoton jirgin ƙasa, ga wani yaro da takalmi sau-ciki yana jiran fitila ta ba shi izinin tsallaka titi. A ƙauyen bayan Gummi fa, inda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi hanya da damina!

Shekara goma sha ɗaya Malam ya yi yana cika littattafan rubutu da darussan da suka dace da yaran fadama: sunayen kifi, lokacin dashen shinkafa, yadda ake gane gulbi zai kawo ruwa. Rabinsu daga bakin Namadi ya kwashe su.

Bara sai ga wasu manya huɗu daga birni a Landiroba, wai sun zo jin ra'ayin mutanen karkara kan sabon tsarin karatu. Suka ji ra'ayin kaji uku da ƙwaryar fura. Babbansu ya karɓi littattafan Malam da yatsu biyu, ya ce za a duba. A mashigi motarsu ta kafe cikin laka, aka kira mutane turi. Da idonsa Namadi ya ga babban ya miƙa wa direba ƙunshin littattafan Malam, ya ce a cusa a ƙarƙashin taya. Motar kuwa ta fita sumul, ko waiwaye ba su yi ba. Abin da ke cin Namadi har yau shi ne har da kafaɗarsa a turin, kuma bai taɓa faɗa wa Malam ba.

Yanzu ciwo ya cinye Malam, idon ma ya tafi.

"Sun bugo, Malam."

"Duba man hoto. Mi ag ga shafi na hwari?"

Namadi ya dubi jirgin ƙasan. "Tarwaɗa ta. Har da gashin baki."

"Na biyu hwa?"

"Mata na dashen shinkahwa."

Turai, matar Malam, tana bakin ƙofa tana hango shafin. Ta ja gefen zane ta toshe baki.

"Ka gani ko? Na hwaɗa maka mutanen ga na da kunne," in ji Malam. Sai ya fara biya darasin da ka, a hankali, kamar yara na gabansa: "Tarwaɗa ba ta da ɓawo. Tana kwana cikin laka…" Namadi yana juya masa shafi, har muryar ta ƙare. Kafin la'asar an kai shi.

Da aka dawo daga maƙabarta, Namadi ya zaro wata takarda daga rufin ɗakinsa, guda ɗaya tak da ya tsinta a mashigi. Ya buɗe sabon littafin, ya shimfiɗa ta a kan jirgin ƙasan. Tarwaɗa ce da Malam ya zana da biro, sawun taya ya ratsa ta tsakiyarta.