Ƙunshin Inna Aisatu

Ranar da Alhaji Maikuɗi ya ce a Dubai za a yi bikin 'yarsa Mubina, dangi sun sha dariya daga Anka har Gummi. Mutumin da kowa ya sani yana wankin ƙasa a ramukan Bagega, wai yau shi zai kwashi jama'a a jirgi su je cin shinkafa ƙasar Larabawa! Amma zinariya ta karɓe shi, dangin angon kuma a can suke kasuwanci. Kafin a ankara, masu dariyar nan su ne suka fara bugo waya suna tambayar lafiyar Alhaji.

Zubaida, yayar amarya, ita aka ɗora wa shirya masu tafiya. Malamar makaranta ce a Gummi, mai son a ce komai nata tsaf yake. Ta yi ta fama da fasfo da allurar rigakafi da tela mai ɗinkin anko, ga koya wa mata cewa ba a shiga jirgi da daddawa a ƙugu.

Abu ɗaya Mubina ta roƙe ta a waya daga Abuja. "Yaya, kowa ma ya fasa, amma ban da Inna. Ita za ta yi mini wankan amarci."

Inna Aisatu yayar mahaifinsu ce. Mahaifiyarsu ta rasu Mubina tana goye, Inna ta ɗauke ta zuwa Zugu, ta raine ta da kunu da nonon saniya har ta zama mutum. A al'adar gidansu, wadda ta riƙe yarinya ita ke zuba mata ruwan lalle ranar da za ta bar gida, ta yi mata faɗan ƙarshe. Zubaida ta san da haka sarai, ta kuma amsa da to.

Sai dai akwai abin da ke cin ta. Lokacin da dangin ango suka zo gaisuwa Abuja, Inna ta zauna a ƙasa ta ƙi hawa kujera, ta ɓantari goro ta miƙa wa uwar ango ragowar, sannan ta ba su labarin yadda Mubina ta yi fitsarin kwance har ta shiga firamare. Matan suka yi murmushin da ya fi zagi ciwo. Tun ranar Zubaida ke hango Inna a otal ɗin Dubai tana neman inda za ta zubar da tukar goro.

A ofishin fasfo na Gusau, ma'aikacin ya ja mata kunne. "Hajiya, ki gaya wa matanku kada wadda ta yi lalle kafin ranar ɗaukar yatsu. Na'urar ba ta karanta yatsa mai ƙunshi. Kuma wanda bai samu shiga wannan karon ba, bizarsa ba za ta fito kafin bikinku ba."

Ta gaya wa matan Gummi, ta gaya wa na Anka, har da maimaici. Zugu kuwa waya ba ta shiga, sai ta hau babur da sassafe, lokacin da masu bin hanyar suka ce 'yan bindiga sun fi lafawa, ta kai wa Inna atamfar anko.

A tsakar gida ta same ta, ta kwaɓa lalle a ƙwarya, ga tsummoki da leda a gefe.

"Lale da ɗiyata! Allah ya kawo ki daidai," in ji Inna. "An ce hoto za a yi muna wurin gwamnati. To ni ba ni zuwa da hannu fari sol kamar mai takaba. Bikin Mubina na fa!"

Maganar tana bakin Zubaida. Kalma nawa ce? Inna, bari sai an dawo. Ta buɗe baki, sai fuskar uwar ango ta faɗo mata a rai, ta mayar da shi ta rufe. Ta ce a ranta ai ba ita ta kwaɓa lallen ba.

"Zo ki ɗaure mani na dama, ba ni iyawa ni ɗai."

Ta durƙusa. Da hannunta ta dumbuza lallen ta lulluɓe yatsun tsohuwar ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe da leda, ta ɗaure da tsumma tamau. Inna tana ta sa mata albarka, ita kuwa ba ta ɗaga kai ba.

Ranar ɗaukar yatsu aka cika bas biyu. Inna ta sha sabon kallabi, lallenta ya kama ya yi jajir har ya doshi baƙi, tana nuna wa mata suna yabawa. Wata daga Anka ta zaro ido za ta yi magana, Zubaida ta yi sauri ta tambaye ta ko tela ya gyara mata hannun rigarta.

Kowa ya shiga ya fito. Da aka zo kan Inna, ta ɗora yatsa a gilashin, na'ura ta yi ƙara ta nuna ja. Aka goge, aka sake. Aka gwada na hagu, aka gwada ɗan ƙaramin. Ma'aikacin ya juya tafin hannunta ya duba, ya yi tsaki, ya ɗago ya dubi Zubaida.

"Haba Hajiya! Ba na ce ki gaya musu ba?"

Kafin Zubaida ta buɗe baki, Inna ta riga ta.

"Ta hwaɗi, ɗana," in ji Inna. "Ta hwaɗi mani. Tsuhwa na, ni na mance."

Zubaida ta bi ma'aikacin da roƙo, roƙo na gaske wannan karon. Ya ce ba shi ba ne, na'ura ce, sai lallen ya goge. Kowace mace a wurin ta san irin wannan kamun ba ya barin hannu kafin wata ya juya.

Da ta fito ba ta ga Inna cikin mata ba. Can bayan ginin ta same ta, tsugune a bakin famfo, tana dirza yatsunta a kan siminti. Ta sayi lemun tsami wurin mai talla ta matsa a kai. Fatar babban yatsan ta saluɓe, jini yana bin ruwan.

"Inna! Me kike yi haka?"

"Duba mani, ya ragu? Ko a sake gwadawa."

Aka sake gwadawa don kunyar tsufanta. Yatsan da ya ɗaye ai ba abin da na'ura za ta gani.

A hanyar komawa, ana cikin bas, wayar Mubina ta shigo. Zubaida ta kasa ɗauka, Inna ta ce a kanga mata a kunne. Ana jiyo kukan amarya har kujerar baya.

"Yi shiru, uwata," Inna take cewa. "Laihina na. Kwalliya ta ja mani. Yayarki ta yi iya yinta, ita za ta zuba maki ruwan a madadina. Hannunta hannuna na."

A Bukkuyum aka sauke su, inda Inna za ta hau babur zuwa Zugu. Zubaida ta bi ta har gindin bishiyar da 'yan acaɓa ke tsayawa. Ta tsani kanta kamar ta mutu. Ta durƙusa a cikin ƙasa da sabon leshinta.

"Inna, ban gaya miki ba. Na sani, kuma na yi shiru. Da gangan na..."

"Na sani."

Tsohuwar ba ta ɗaga murya ba. Tana ƙoƙarin ɗaure bakin zanenta ne, yatsun sun ƙi kamawa.

"Tashi, mutane na kallo. Ni baƙauya ta, ban musa ba. Da kin ce in zamna gida, da na zamna. Amma kada ki kuskura Mubina ta ji. In ta yi hushi da ni, kwana biyu ta huce, ni tsohuwa ta. In ta yi hushi da ke, wa gare ta bayan raina?"

Mai babur ya tayar da inji. Inna ta miƙo hannu a taimaka mata ta hau. Zubaida ta tallabe shi daga wuyan hannu, don ta rasa inda za ta riƙe a yatsun da ba zai yi mata zafi ba.