Idon Ruwan da Kyalla ta Tona

Idan akwai abin da ya yi wa Maikano yawa a duniya, to tambaya ce. Mutumin nan sai ya tsayar da mai faci a Kwanar Dangora ya tambaye shi dalilin da ya sa iska ba ta gajiya a cikin taya, ga masu babura a layi suna harararsa. Shekarunsa hamsin da 'yan kai, rugarsa na gefen dajin Falgore ta wajen Doguwa. Da damina ya noma dawa da masara, sauran shekara kuma ya bi garkensa. Mutane kan ce da an sa shi boko, da yanzu ya ishi malamai.

Abu ɗaya ne ba ya yarda a yi masa tambaya a kai. Akwai wani idon ruwa a bayan wasu duwatsu, a gindin wata tsohuwar kanya, wanda ba ya ƙafewa ko bazara ta kai bazara. Ba shi da yawa. Garke ɗaya yake shayarwa, ya kwana yana tsattsafowa, da safe ya sake cika. Mahaifinsa ne ya nuna masa shi, shi ma nasa mahaifin ya nuna masa, kuma sai da ya sa Maikano ya yi alkawarin ba zai kai kowa ba sai wanda zai gaji sandarsa. Har hanyar zuwa ma dabara ce: a kan falalen dutse ake kora shanun, inda kofato ba ya barin sawu. Shi ya sa duk bazara, lokacin da makiyaya ke yini a bakin rijiya suna jan guga, maruƙa suna faɗuwa, shanun Maikano kan dawo da yamma cikinsu fal. A tambaye shi, ya ce, "Allah ne." Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba.

To, ranar wata kasuwa ya shiga Kwanar Dangora wurin 'yarsa Bahijja, wadda ke da ɗan shagon gyaran waya a bakin titi. Sai ya tarar da taro a ƙofar shagon. Wani matashi mai suna Mustapha, wakilin wani kamfani da ake kira Sa-Ido, yana ɗaga wani abin wuya na roba mai ɗan gilashi a kai.

"A wuyan saniyar da ke jan garke za ka ɗaura shi," in ji Mustapha. "Rana ce ke yi masa caji. Duk inda ta shiga, kana gani a wayarka. Ɓarawo ya kora ta, kana gani. Ta ɓata a daji, kana gani. Kyauta ne kuma."

Ai kuwa Maikano ya kutsa gaba. Bara karsana biyu suka ɓace masa, har yau abin na ci masa rai.

"Samari, ta ina abin yake ganinta, alhali ba shi da ido?"

"Da tauraron ɗan'adam yake magana, Baba."

"Shi tauraron, wa ya gaya masa saniyata ce ba ta wani ba? In hadari ya rufe fa? In ta shiga ruwa fa?"

Mustapha ya amsa har ya fara share gumi. Daga ƙarshe ya ɗauko takarda ya ce, "Shanu nawa gare ka, Baba?"

Sai dariya ta ɓarke a wurin. Wa ya taɓa tambayar makiyayi yawan shanunsa? Maikano ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Daidai gwargwado." Haka Mustapha ya bar gurbin ba komai, Maikano kuwa ya ji daɗi har cikin ransa, wai ya tsare sirrinsa daga kamfani.

Da ya karɓi abin wuyan, Bahijja ce ta saka masa manhajar kamfanin a waya. Da ta kai wani wuri sai ta dakata, ta yamutsa fuska.

"Baffa, akwai dogon rubutu a nan, da Turanci, shafi goma sha huɗu. Sharuɗɗansu ne. Bari in karanta tukuna."

"Me ya ce?"

"Ai ban karanta ba. Amma ni duk abin da kamfani ya ce kyauta ne, sai na ji gabana ya faɗi. Ba 'yan'uwanmu ba ne, me ya sa za su ba mu?"

"Ke dai akwai zargi! Mota za ta bar ni. Ina ake dannawa?"

Ta nuna masa inda aka rubuta amincewa. Shi da kansa ya ɗora babban yatsansa ya danna. Mutumin da ya yi tambaya arba'in a kan tauraro, bai yi ko ɗaya a kan shafi goma sha huɗu ba.

Kyalla ya ɗaura wa, saniyarsa mai farin goshi da ke gaba ko'ina garke zai nufa. Kai, zo ka ga murna! Sati guda Maikano bai bar kowa ya huta a ruga ba. Sai ya tsaya ga Kyalla a gabansa tana tuƙa, amma wayar yake kallo. Ta yi taku uku, ɗan ɗigon da ke kan taswira ya motsa, shi kuma ya yi kabbara. Har ɓuya ya riƙa yi a bayan bukka don ya ga ko abin zai rikice. Bai rikice ba.

Ana nan, sai wasu alamomi suka fara fitowa a taswirar, waɗanda ba shi ya sa su ba: koraye inda ciyawa take, shuɗaye inda ruwa yake. Ya kira Bahijja, ta ce sabon abu ne kamfanin ya ƙara don taimakon makiyaya. Wannan karon ma, da yake abin ya yi masa daɗi, bai tambayi inda suka samo labarin ba.

Wani koren ɗigo ya fi tsone masa ido, can arewa wajen Tudun Wada, a wurin da shi a saninsa babu komai sai ƙaya. Ya kasa haƙuri. Wata safiya ya kora garken ya bi wayar, ta kai shi wata 'yar siririyar hanya tsakanin tuddai biyu, wadda sai mutum ya zo dab da ita zai san da ita. Yana ɓullawa sai ga kwari shar da ɗanyar ciyawa, a tsakiyar rani! Shanun suka baje suka hau ci. Maikano ya riƙe baki yana cewa, "Ikon Allah! Waɗannan mutane sun san daji fiye da mu."

Sai can ya hango wani dattijo a kan tudu, ya dogara da sanda, 'yan shanunsa na bayansa, ɗaya da irin abin wuyan Kyalla. Maikano ya ɗaga masa hannu, ya yi sallama da ƙarfi. Dattijon ya amsa a hankali, ya faɗi sunansa, Abdulmumini, daga nan bai ƙara komai ba. Kallo kawai yake yi, wani irin kallo da Maikano ya kasa fassarawa. Ba fushi ba ne, ba kuma maraba ba. Kafin la'asar wasu garkuna biyu suka shigo, kowane makiyayi da waya a hannu. Maikano ya koma gida yana cewa a ransa tsohon nan bai da fara'a.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Rijiyoyi suka ja baya, ƙorama ta zama yashi. Maikano ya fara bin falalen dutsensa kamar kowace shekara, yana waiwaye, yana zagaye, kada wani ya biyo shi. Kyalla na gaba, abin wuyanta na ƙyalli a rana.

Kwana tara ya yi yana shayarwa lafiya. A na goma, tun kafin ya zagayo duwatsun ya jiyo kukan shanun da ba nasa ba. Ya ƙarasa da sauri, sai ga garke biyu a gindin kanya, sun tattake bakin ruwan ya zama caɓi. Wani makiyayi da bai taɓa gani ba ya gaishe shi da fara'a, ya nuna masa waya.

"Kai ma ita ta kawo ka? Wallahi kamfanin nan sun taimake mu. Dubi, shuɗin ɗigo!"

Maikano ya ciro tasa wayar ya duba. Ga shi nan kuwa, shuɗi, daidai gindin kanyar kakansa. Ranar shanunsa laka suka tsotsa.

Washegari da sassafe ya hau mota sai Kwanar Dangora. Ko gaisuwar kirki bai tsaya sun yi da Bahijja ba, ya ajiye mata wayar a kan tebur.

"Wa ya gaya musu? Ban faɗa wa kowa ba. Ke kanki ban kai ki ba. Wa ya bi ni?"

Bahijja ta daɗe tana duban taswirar. Sannan ta buɗe dogon rubutun nan, ta bi shi da yatsa har shafi na tara, ta karanta, ta sake karantawa. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Baffa, ba wanda ya bi ka. Kyalla ce."

"Kyalla saniya ce!"

"Abin wuyan yana jin lokacin da ta sunkuyar da kai tana sha. In ta yi haka a wuri ɗaya kwana da kwanaki, sai na'urarsu ta gane akwai ruwa a nan, ta sa alama, duk mai manhajar ya gani. Sun rubuta a nan cewa za su yi amfani da bayanan don amfanin sauran makiyaya. Shi ne abin da muka danna."

Ba ta ce shi ya danna ba. Wannan ya fi yi masa ciwo.

Ya sa ta kira kamfanin. Wata mata mai sanyin murya ta ɗauka, ta saurare shi har ya gama, ta ba shi haƙuri, sannan ta ce ya kwantar da hankalinsa, ba su bayyana sunansa ga kowa ba, sirrinsa a tsare yake.

"Baiwar Allah, sunana kowa ya san shi daga nan har Doguwa, ku rubuta shi a jikin mota in kuna so. Ruwan nake magana. Ku goge shi."

Ta ce zai iya cire abin wuyan duk lokacin da ya ga dama, amma alamar ta riga ta zama ta kowa, tun da wasu shanun ma yanzu suna sha a wurin, su ma suna tabbatar da ita.

Masu jiran gyara a shagon suka sa baki. Wani direba ya ce shi ya daɗe da sanin wayoyin nan suna jin duk abin da ake faɗa, ko tari ka yi sai su turo maka tallan magani. Wani malamin makaranta ya ce a yi adalci, ruwa na Allah ne, kuma maruƙa nawa alamar nan ta ceta a bana? Maikano ya juya ya dube shi. Yana son ya ji haushinsa, amma tambayar ta shige shi, don ya ga maruƙan baƙin jiya, ƙashin haƙarƙarinsu a waje.

"Malam, ban ce ƙarya ka yi ba," in ji shi. "Amma ruwan garke ɗaya ne. Da ni suka tambaya, da na gaya musu. Na'urar ta san inda yake, ba ta san yawansa ba."

Daga nan sai ya kafa wa wayar ido. Wata tambaya ce ta taso masa, irin wadda ya kamata ya yi tun watanni biyu da suka wuce.

"Bahijja, su korayen ɗigon fa? Su ma haka ake samo su?"

"Haka ne, Baffa. Kowanne saniyar wani ce ta nuna."

Maikano ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da yamma ya kwance wa Kyalla abin wuyan ya rataye a bukka. Ta girgiza kai ta lashi hannunsa, ita ba ta san ta yi komai ba. Washegari ya kora garken ta kan falalen dutse kamar kullum, duk da ya san ɓoye sawu ba shi da sauran amfani. Ƙafarsa ce ta saba.

Garke biyar ya tarar. Idon ruwan ya koma wani ɗan rami mai kauri kamar kunu, mutane na cacar baki a kan wa ya riga wa. Saiwar kanyar duk ta fito waje saboda tattaki. Maikano bai sauka ba. Ya tsaya a kan dutse, ya dogara da sandarsa yana kallo, yana tuna ranar da mahaifinsa ya tsuguna a wurin nan ya ɗebo ruwan da tafin hannu ya ba shi. Baƙin ciki ya cika shi, ga shi ba wanda zai kama da laifi. Wani daga ƙasa ya ɗaga masa hannu ya yi sallama da ƙarfi, shi kuma ya amsa a hankali.

Sai ya ji takun shanu a bayansa. Ya waiga. Dattijon nan ne na kwarin Tudun Wada, Abdulmumini, da 'yan shanunsa da suka rame, babu abin wuya a jikin ko ɗaya. Ya zo ya tsaya kusa da Maikano, ya dubi ramin, ya dubi fuskarsa.

"Naka ne?"

"Na kakana ne, Baba."

Dattijon ya gyaɗa kai. "Kwarina ma na kakana ne. Sati uku ya yi bayan zuwanka. Yanzu ko akuya ba za ta ƙoshi a cikinsa ba."

Maikano ya buɗe baki zai ce bai sani ba, sai ya ga maganar ba ta da amfani. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe tun ranar. Ni ma ga shi ɗigon na biyo." Ya nuna shanunsa da sanda. "Kwana biyu ba su sha ba."

Maikano ya dubi Kyalla, wadda ta ƙagu ta sauka. Ya sa sanda ya tare ta, ya matsar da garkensa gefe, ya buɗe hanya.

"Wuce gaba, Baba," ya ce. "Ka bi ta hagun kanyar. Nan ne ya fi tsattsafowa."