Makunnin Baba Tamu

Kwamfutar Zulfa tsohuwa ce tukuf, irin mai ƙaton akwatin nan da in ta tashi sai ka ce injin niƙa ne ke gyaran murya. Da ita take buga wa ɗalibai takardu a ɗan shagonta na Aliero, kuma a cikinta muryar mahaifinta take. Baba Tamu ladani ne a Mungadi tun Zulfa ba ta san kanta ba. Kafin ciwo ya kwantar da shi, ta yi ta ɗaukar kiran sallarsa da karatunsa da hirarsa tana zubawa a ciki. Wayar da ta ɗauka da ita ta daɗe da lalacewa. Da ya rasu, ba inda muryar nan ta rage a duniya sai cikin wannan akwati.

Ranar da maɓallin kunnawa ya lotsa ya ƙi dawowa, ta kai ta Jega wurin ƙanenta Nuraddeen, mai gyara. Shi kuwa Nuraddeen, Allah ya yi shi da iyayi, ba zai taɓa sa maka irin na kowa ba. Masallacin Mungadi ya sayi sababbin kayan sauti, an ba shi tsohon akwatin lasifikar Baba. Daga jikinsa ya ciro makunnin, wani ɗan ƙarfe da ake ɗagawa sama a mayar ƙasa, kansa ya sha hannu har yana sheƙi. Ya huda kwamfutar ya ɗaura mata. Zulfa na ganinsa hawaye suka zubo mata, don ta san yatsan da ya goge ƙarfen nan.

Ya ja mata kunne a kan abu biyu. Na farko, ta ɗaga ta mayar nan take. Baba yakan ɗaga ya bar shi a sama har ya gama kira, amma kwamfuta ba lasifika ba ce, in aka bar shi a sama sai ta ɗauke ɗif. Na biyu, ma'ajiyar kwamfutar ta kusa mutuwa, kowace ɗaukewa tana cin wani abu a ciki. Ya ba ta filas, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya ce ta kwashe muryar a ciki tun da wuri.

Washegari da hantsi, da sola ya sha rana, ta fara kwashewa. Abin na tafiya a hankali, kamar tsohuwa na hawan tudu. Rana ta take, ta ɗan karkata. Zulfa na tsintar zogale a bakin ƙofa ta ji ƙas. Ta waiga. Makunni na sama, kwamfuta ta yi shiru. Ba kowa a shagon, ko kaza ba ta shigo ba. Tana nan tsaye sai masallatan Aliero suka fara kiran azahar ɗaya bayan ɗaya, nan take ta tuna. Baba bai taɓa duba agogo ba, inuwar bango yake kallo, shi ya sa kullum yake riga kowa.

Ta kira Nuraddeen. Ya yi dariya har da tari, ya ce sifirin da ke cikin makunnin ne ya saki, ta kawo ya cire ya sa mata na roba. Ta ce ba mai cire shi. Ya ce to ta liƙe shi da solatif, ta bar shi da tatsuniya.

Ta liƙe, rubi a kan rubi. Washegari da rana ta karkata, ƙas. Kuma solatif ɗin ba yagewa ya yi ba. Ɓare shi aka yi a tsanake, aka manna a gefen tebur, yadda mai tsabta zai yi. Da ta sake kunnawa, karatun azumin Baba gaba ɗaya ya ƙi buɗuwa. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai, rabi tsoro, rabi haushi.

Ba ta gaya wa kowa ba. Kashegari ta sake fara kwashewa, ta jawo kujera, ta ɗora babban yatsanta a kan makunnin ta danne. Inuwa ta yi ta janyewa daga bakin ƙofa. Saura kaɗan a gama, ta ji ƙarfen ya motsa. Wallahi ba sifirin ba ne. Turawa ce ta mutum, a hankali, ya ɗan saki, ya sake turawa, irin ta wanda bai saba a hana shi ba. Shagon ya cika da ƙamshin turaren ɗan goma da Baba ke shafawa a hula. Zulfa ta runtse ido, ta haɗa da ɗaya hannun.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji ta. "Kaɗan ya rage."

Turawar ta tsaya. Masallatai suka yi kira suka gama. Kwamfuta ta nuna an kwashe komai.

Ta buɗe filas ɗin, ta zaɓi kiran azahar da ta fi so, wanda ta saurara ya fi a ƙirga. Ta san shi tsaf: ƙarar makunni, Baba ya ƙwanƙwasa makirfo, ya hura, sannan kabbara. Ƙarar ta zo. Ƙwanƙwasa ta zo, hurawa ta zo. Kabbara ba ta zo ba. Sai numfashi, sannan muryarsa ƙasa-ƙasa, yadda yakan yi mata tana ƙarama in ta riƙe masa riga a ƙofar masallaci.

"Sakar mini hannu, ɗiyata. Lokaci na wucewa."

Ta buɗe na la'asar, ta buɗe na magariba, ta buɗe na asuba. Duk abin da yake faɗa ke nan.